Gyaran gaɓar teku da kuɗin da ke biye da shi: kalmomin doka da ya kamata a sani

Nijar ba ta da teku, amma shinkafa da sukari da siminti da motocin da ke cika kasuwannin Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai ta teku su ke zuwa. Shekaru da dama tashar Kwatano ce babbar ƙofar ƴan kasuwar ƙasar nan, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya masu yawa suka koma bi ta Lome. Garuruwan nan biyu suna zaune ne a kan gaɓar da ruwa ke ci dare da rana. Domin tsai da wannan ɓarna, gwamnatocin ƙasashen gaɓa sun karɓi miliyoyin daloli, wasu kyauta wasu bashi, bisa yarjejeniyoyi masu cike da kalmomin doka. Waɗannan kalmomin su ne ke faɗin wanda ke da ƙasa, da wanda zai tashi daga gidansa, da wanda zai biya. Su ne kuma ma'aikaci ke tararwa cikin takardun furojen da suka shafi tafkunan Nijar.

Yadda teku ya fara cin gaɓa

A gaɓar Gana da Togo da Benin, igiyar ruwa tana tura rairayi daga yamma zuwa gabas. Muddin rairayin da ya tafi yana samun mai maye gurbinsa, gaɓa tana nan daram. A 1965 aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a kan kogin Volta, sai ƙasar da kogin ke kaiwa teku ta riƙa kwanciya bayan madatsar. A shekarar ce aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta Lome kuma a 1968. Katangun duwatsun tashoshin nan sun tare rairayi a gefensu na yamma, suka bar gefen gabas ba abin da ke zuwa masa. Daga nan teku ya shiga cin ƙauyuka da gonakin kwakwa, har ya haɗiye hanyar mota ta Lome zuwa Aného sau biyu.

Wani binciken da Bankin Duniya ya fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa zaizayar gaɓa da ambaliya da gurɓatar muhalli sun janyo wa Benin da Kwaddibuwa da Sanagal da Togo asarar dalar Amurka miliyar 3 da miliyan 800 a shekarar 2017 kaɗai, wato kashi 5,3 cikin ɗari na arzikin da ƙasashen huɗu suka samar a shekarar.

Katangar da Allah ya yi wa gaɓa ita ce fadamunta, musamman kurmin ruwan gishiri da Faransanci ke kira «mangrove». Itatuwa ne masu saiwoyi a waje kamar ƙafafun gizo, suna tsirowa cikin taɓo inda ruwan kogi ke gamuwa da na teku. Suna karya ƙarfin igiya, suna riƙe ƙasa, kifi da jatan lande kuma a cikinsu su ke hayayyafa. Farin shekarun 1970 da 1980, wanda ya kashe dabbobin Nijar, shi ne ya rage ruwan kogunan Salum da Kazamans a Sanagal, gishiri ya yi yawa, kurmi mai faɗin gaske ya bushe. Sara domin itacen girki da hanyoyin mota da suka toshe magudanan ruwa suka ƙarasa sauran.

Mene ne dausayi a idon doka

Kalma ta farko ita ce «zone humide», wato dausayi ko fadama. Ma'anarta ta doka ta fito ne daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971, wadda ta fara aiki a 1975. Aya ta farko ta yarjejeniyar ta buɗe ma'anar sosai: ta haɗa da fadama da tafki da kogi, na halitta ko wanda mutum ya haƙa, mai ƙafewa ko marar ƙafewa, ruwan daɗi ko na gishiri, har da bakin teku inda zurfin ruwa bai wuce mita 6 ba a lokacin da teku ya janye. Saboda haka kurmin Salum da tafkin Madarunfa sunansu ɗaya a doka.

Mutane da yawa suna zaton idan aka sa wuri cikin jerin Ramsar to an hana kowa taɓa shi. Yarjejeniyar ba ta faɗi haka ba. Abin da ta nema shi ne «utilisation rationnelle», wato mora cikin hankali: a yi su, a yi kiwo, a yi noman rani, amma kada a kashe wurin. Ƙasa tana riƙe da cikakken ikonta a kan wurin da ta sa cikin jerin. Tana iya ma rage faɗinsa idan wata babbar buƙata ta gaggawa ta taso, sai dai aya ta 4 ta ce a irin wannan hali ta yi iya ƙoƙarinta ta rama asarar da wani dausayin. Yarjejeniyar ba ta da kotu, ba ta cin tara, kuma shiga jerin ba ya kawo kuɗi da kansa. Amfaninsa yana bayyana ne a ranar neman kuɗi, domin masu ba da tallafi sun fi sauraron dosiyen wurin da duniya ta riga ta sani. Yankin Salum ya zama gandun ƙasa a 1976, ya shiga jerin Ramsar a 1984, ya kuma shiga jerin kayan gadon duniya na UNESCO a 2011.

Ƙasar wa ce?

Kafin a dasa ko itace ɗaya, sai an san mai wurin. A ƙasashen da suka gaji dokar Faransa, bakin teku yana cikin «domaine public», wato dukiyar jama'a da ke hannun gwamnati. A Sanagal, doka mai lamba 76-66 ta ranar 2 ga Yuli 1976 ta sa gaɓar teku cikin wannan rukuni, haɗe da faɗin mita 100 daga inda ruwa ke tsayawa a lokacin cikarsa mafi girma. Dukiyar jama'a tana da siffofi biyu da ɗan kasuwa ya kamata ya riƙe. Ba a sayar da ita, kuma daɗewa a kanta ba ya mai da ita ta mutum, ko da kakanninsa a nan aka binne su. Wanda ya gina otel ko shago a wurin, takardar da ke hannunsa izinin zama ne na ɗan lokaci, hukuma tana iya janye shi.

A nan ne doka ke cin karo da al'ada. Matan da ke tsintar kawa cikin kurmin Salum da masu dafa gishiri a Djègbadji kusa da Ouidah a Benin ba su da takardar mallaka. Abin da su ke da shi haƙƙin mora ne, wanda suka gada. Furojen da bai rubuta wannan haƙƙi cikin takardunsa ba yana iya raya kurmi ya kuma kashe sana'ar masu shi.

Ƙasashen gaɓa sun yi dokoki na musamman kan bakin teku: Kwaddibuwa a 2017, Benin a 2018, Togo a 2021. Tun 2016 gwamnatin Benin ta hana saran itatuwan kurmin gaɓa. A wasu ƙauyukan bakin kogin Mono, mazauna sun ƙara da tasu dabara: sun damƙa kurmin ga Zangbéto, dodon gargajiya mai gadin dare, wanda jama'a ke jin tsoronsa fiye da ma'aikacin gandun daji.

Sama da dokokin ƙasa akwai yarjejeniyar Abijan ta 1981 kan kare teku da gaɓar yamma da tsakiyar Afirka, wadda ta fara aiki a 1984. A watan Yuli 2019 aka sa hannu kan wasu ƙarin yarjejeniyoyi a ƙarƙashinta, ciki har da ɗaya kan kula da kurmin gaɓa. Sa hannun minista mataki ne na farko kawai. Yarjejeniya ba ta ɗaure ƙasa sai an tabbatar da ita bisa tsarin mulkin ƙasar, kuma ba ta fara aiki sai adadin ƙasashen da aka ƙayyade sun yi hakan.

Maidowa, farfaɗowa da ramuwa

Takardun furoje suna bambanta abubuwa uku da baki ke haɗawa. «Restauration» ita ce maido da wuri kusa da yadda ya ke kafin ya lalace, da ruwansa da itatuwansa da halittunsa. «Réhabilitation» farfaɗowa ce: a sa wurin ya sake yin wani amfani ko da bai koma kamar da ba. «Compensation» kuwa ramuwa ce: kamfanin da ya lalata dausayi a wuri ɗaya ya raya wani a wani wurin. Bambancin yana da nauyi a ranar lissafi. Idan kwangila ta ce a dasa itace miliyan ɗaya, ɗan kwangila ya cika alkawari ko da rabinsu sun mutu bayan damina. Idan ta ce a maido da hekta 500 masu rai bayan shekara 5, to mutuwarsu a wuyansa ta ke.

Ramuwa ita ce ta ƙarshe a jerin da dokokin muhalli suka shimfiɗa: a fara da kauce wa ɓarna, idan ba ta kautuwa a rage ta, abin da ya saura a rama. Takardar da ke auna wannan ita ce binciken illa ga muhalli da jama'a, wanda ma'aikata suka sani da EIES, kuma ana yin sa kafin a fara aiki.

Birnin San Luwi na Sanagal ya nuna tsadar gaggawa. A watan Oktoba 2003, kogin Sanagal ya cika yana barazanar cinye birnin, sai hukumomi suka haƙa mashigi mai faɗin mita 4 a tsirin rairayin da ke raba kogi da teku, wanda a ke kira Langue de Barbarie. Ruwan ya fita, birnin ya tsira a shekarar. Amma teku ya yi ta buɗa mashigin har ya kai kilomitoci, ruwan gishiri ya shiga gonaki, ƙauyen Doun Baba Dièye ya watse, masunta da dama suka rasa rayukansu wajen ƙetare bakin mashigin.

Kyauta ko bashi

Babban tsarin da ke biyan kuɗin gyaran gaɓa a yankin nan shi ne WACA, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a watan Afrilu 2018 domin ƙasashe shida: Benin, Kwaddibuwa, Muritaniya, Sao Tome da Principe, Sanagal da Togo. Kuɗinsa dala miliyan 210 ne, wato sama da miliyar 100 na sefa. A cikinsu miliyan 120 bashi ne daga reshen bankin mai suna IDA, miliyan 70 kyauta ce daga reshen, sauran kimanin miliyan 20 kuma kyauta ce daga Asusun Muhalli na Duniya. A watan Disamba 2022 aka ƙara kashi na biyu na dala miliyan 246 domin Gambiya da Gana da Gine-Bisau. Ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ita aka ba ragamar ɓangaren haɗin gwiwar yanki. Da kuɗin nan aka jera shingayen duwatsu aka kuma zuba rairayi tsakanin Agbodrafo a Togo da Grand-Popo a Benin, a 2022 da 2023.

Rediyo kan ce an ba ƙasa kaza tallafi, alhali rabin abin ko fiye rance ne. «Don» kyauta ce, ba a biya. «Crédit concessionnel» bashi ne mai sauƙi: a lokacin da aka sa hannu kan WACA, sharuɗɗan IDA ga ƙasashe marasa ƙarfi su ne a biya cikin shekara 38, ba a fara biya sai bayan shekara 6, da ladan hidima na kashi 0,75 cikin ɗari. Da sauƙi ƙwarai idan aka gwada da bashin banki na kasuwa. To amma bashi hanji ne, kuma yaron da ke aji ɗaya a yau shi zai ƙarasa biyan sa da harajinsa.

Amincewar banki ba ta nufin kuɗi sun iso. Akwai sa hannu, sa'an nan cika sharuɗɗan fara aiki, sa'an nan fitar da kuɗi kashi-kashi bisa takardun shaida. Sau da yawa ƙasa tana da nata kason da za ta zuba daga baitulmali, kuma jinkirinsa kan tsai da aiki gaba ɗaya. Yarjejeniyar tana ba banki ikon dakatar da fitar da kuɗi. Nijar ta ga haka bayan watan Yuli 2023, sai a 2024 Bankin Duniya ya koma biya.

Kalmar «résilience» da ke kan kowace takarda tana nufin juriya: ƙarfin gari ko gaɓa na ɗaukar bugu ya kuma miƙe. Tana tafiya da kalmomi biyu. Rage hayaƙin da ke ɗumama duniya abu ɗaya ne, sabawa da sauyin da ya riga ya zo abu ne dabam, kuma kowanne da taskar kuɗinsa. Kurmin gaɓa yana cin moriyar taskokin biyu, tun da yana kare gari yana kuma shan hayaƙi.

Wani abin lura shi ne hanyar da kuɗi ke bi. A da, sai sun ratsa ta wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ko wani babban banki, kowa ya cire ladansa. A 2010 Asusun Sabawa da Sauyin Yanayi ya amince da cibiyar CSE ta Dakar a matsayin hukumar ƙasa ta farko da za ta karɓi kuɗi kai tsaye, ta kuma sami dala miliyan 8,6 domin kare gaɓar Rufisque da Saly da Joal. A 2017 bankin manoma na Nijar, BAGRI, ya sami irin wannan amincewa daga asusun.

Sabuwar taska ita ce ta asara da ɓarna, wadda aka amince da kafa ta a taron Sharm el-Sheikh a 2022, aka buɗe ta a Dubai a 2023 da alkawuran kimanin dala miliyan 700. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin biyar na asarar shekara guda ta ƙasashen nan huɗu ba. Kuma shawarar da ta raka yarjejeniyar Paris ta 2015 ta faɗa a fili cewa ayar da ta yi magana kan asara da ɓarna ba ta zama hujjar ɗora laifi ko neman diyya ba. A watan Yuli 2025 Kotun Duniya da ke Hague ta ba da ra'ayin cewa ƙasar da ta saɓa wa wajibinta kan yanayi tana iya fuskantar biyan diyya, sai dai ra'ayin shawara ne, ba ya tilasta wa kowa.

Cinikin hayaƙi

A 2006 ƙungiyar Océanium ta Dakar, ƙarƙashin Haïdar El Ali, ta fara dashen kurmi da mutanen ƙauyen Tobor a Kazamans. Daga 2009 kamfanin Danone, daga baya kuma asusun Livelihoods, suka zuba kuɗi, aka dasa itatuwa kimanin miliyan 79 a Kazamans da Salum. Masu zuba kuɗin ba sadaka suka yi ba. Ladansu shi ne «crédit carbone»: takardar shaidar cewa itatuwan sun shanye tan ɗaya na hayaƙin karbon, wadda kamfani ke rage lissafin hayaƙinsa da ita ko ya sayar.

Takardar ba ta da daraja sai an cika sharuɗɗa. Dole a nuna cewa ba domin kuɗin ba da ba a yi dashen ba. Dole itatuwan su daɗe, shi ya sa kwangilolin ke ɗaukar shekara 20 ko fiye. Dole kuma a tabbatar masu sara ba su koma kurmin maƙwabta ba. Sharaɗi na biyu shi ke taɓa talaka, domin alkawarin shekara 20 yana nufin ƙayyade shiga wurin na shekara 20. Masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa sun yi suka cewa an fi dasa iri ɗaya mai sauƙin dashe, kuma mazauna ƙauyukan da suka yi aikin ba su da cikakken bayani kan wanda ya mallaki takardun hayaƙin. Tambayar da ta fi kowace nauyi a irin wannan kwangila ita ce ayar rabon riba: kashi nawa ne na ƙauye, ta hannun wa zai bi, kuma har yaushe.

Wanda za a tayar

Inda katanga ba ta isa ba, sai mutane su ja baya. A San Luwi, Bankin Duniya ya ba da dala miliyan 30 a 2018 da ƙarin miliyan 50 a 2020 domin kwashe dubban mutane daga faɗin mita 20 na bakin teku zuwa Diougop, nesa da jiragensu na su. Ƙa'idojin bankin, na da da sababbin da suka fara aiki a watan Oktoba 2018, sun tanadi abubuwa da dokokin ƙasa kan yi shiru a kansu. Diyya tana bin kuɗin sake gina gida a yau, ba tare da an cire tsufansa ba. Wanda ba shi da takardar fili yana da haƙƙin taimakon sake zama. Wanda gidansa bai taɓu ba amma sana'arsa ta taɓu, shi ma yana cikin lissafi. Sai dai akwai ranar rufe ƙidaya, kuma duk wanda ya zo bayanta ba shi da komai.

A watan Agusta 2021 wasu mazauna gaɓar Togo suka kai kuka gaban Kwamitin Bincike na Bankin Duniya, wanda aka kafa a 1993 domin sauraron waɗanda furojen bankin suka cutar. A rahotonsa na 2023 kwamitin ya gano cewa tsarin WACA bai auna yadda ya kamata ba illar aikin ga masunta masu jan taru daga bakin gaɓa da matan da ke sayen kifi a hannunsu, aka kuma sa shugabannin bankin su fito da shirin gyara. Mutum biyu da abin ya shafa sun isa su shigar da irin wannan ƙara.

Abin da ya shafi gida

Nijar ta shiga yarjejeniyar Ramsar a 1987 da gandun W, kuma zuwa 2019 wurarenta sun kai 14. A cikinsu akwai ɓangarenta na tafkin Cadi, da Dallol Bosso da Dallol Mauri, da tafkunan Tabalak da Ɗan Dutsi a jihar Tawa, da Lassuri da Gidimuni a jihar Damagaram, da Madarunfa a jihar Maradi. Abokan gabarsu rairayi ne da ciyawar kacalla da nome bakin ruwa. Dokokin da ke kansu sun haɗa da dokar karkara ta 1993, da dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 1998, da dokar ruwa ta 2010, da doka mai lamba 2018-28 kan binciken illa ga muhalli. Taskokin da ke biyan kuɗin Salum su ne a ke nema wa Madarunfa, da kalmomi iri ɗaya.

Idan gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, mai hankali kan shafa wa nasa ruwa. Magajin gari ko ma'aikacin gandun daji da aka kawo wa dosiyen gyaran tafki yana da abin dubawa kafin ya sa hannu: ko kuɗin kyauta ne ko bashi, da kason da aka ɗora wa ƙasa ko karamar hukuma, da abin da ɗan kwangila ya yi alkawari, yawan dashe ko yawan abin da ya rayu. Masunci da makiyayi da mai garkar bakin tafki kuwa su tabbatar an rubuta sunansu da sana'arsu kafin ranar rufe ƙidaya, su kuma nemi sanin ofishin da a ke kai kuka. Ɗan kasuwar da ya ci kwangilar dashe ko ta jigilar duwatsu ya karanta ayar fitar da kuɗi da ta dakatarwa kafin ya ɗauko bashin banki ya sayi mota.